Risit ɗin haya ya tono mana maganar da muke kauce wa

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya ƙoƙari? Allah ya saka miki da alheri. Mu biyu muka tsara wasiƙar nan, ni da maigidana, ni ce dai ke riƙe da biro. Shekara ɗaya da wata huɗu da aurenmu, muna zaune a Agege, ciki da falo. Shi yana aiki a sashen biyan albashi na wani kamfani a Ikeja, ni kuma ina ɗinki a gida, ina sayar da turaren wuta da humra ta waya. Ba faɗa muke yi ba. Lissafin kuɗin haya ne ya kai mu inda biro ya kasa, shi ya sa za mu zayyana miki komai da adadinsa.

Albashinsa naira 250,000 ne a wata kafin a taɓa shi. Ana cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, 20,000 ke nan, sai haraji 21,500, ya rage 208,500. Hayarmu 1,200,000 ce a shekara, ban da kuɗin ejan da na lauya da na ajiya da aka karɓa a shekarar farko. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar sama da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, wannan kaɗai ya cece mu, don wasu har yau shekara biyu suke nema. Idan aka ware 100,000 duk wata domin haya, 108,500 ne zai ɗauki abinci, gas, katin wuta, kuɗin shara, kuɗin mota, da 20,000 da yake tura wa iyayensa. Jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara aiki a 2024 ya rage masa zaman cunkoso tsakanin Agege da Ikeja, amma bai cike giɓin ba. Don haka nake zuba kashi ɗaya cikin uku na hayar, 400,000, kuma kayan miya a wuyana suke.

Ta ɓangaren girki babu inda ba mu matse ba, na faɗa ne don kada a ce mana mu rage almubazzaranci. A nan ba a awo da mudu ko tiya, derika ce da bokitin fenti. A wata muna sayen shinkafa fenti biyu, wake fenti ɗaya, garin masara fenti ɗaya. Tumatir kuwa mu huɗu muke haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauko kwando guda a kasuwar Mile 12 da sassafe, a raba. Ranar da ya zo ranar ake gama da shi: a tsince wanda ya fashe, a wanke, a markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, a dafa ba murfi har ruwan ya ƙone ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku. Sai ya huce sarai ake zubawa a ƙananan robobi, kowace roba girki ɗaya. Kuskuren da amare ke yi shi ne zuba shi duka a babbar roba guda. Kullum sai an narkar an ɗiba an mayar, ranar da aka ɗauke wuta kuma sai ya yi tsami gaba ɗaya. Firiza idan a cike take kuma ba a buɗe ta, tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya ne, shi ya sa muke cike gurbin da gorunan ruwa.

Laimar Legas ita ce abokiyar gabar kayan da ake aiko mana daga gida. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da garin masara, in aka bar su a leda da damina, fumfuna za su yi. Roba mai murfi da ke rufewa gam ake so, a riƙa shanya su duk ranar da rana ta fito. Wake kuma a sa shi kwana uku zuwa huɗu a firiza kafin a adana, ƙwarin da ke ciki su mutu. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana kai mu mako shida zuwa bakwai, in dai an jiƙa wake tun dare kuma ana rufe tukunya. Ganda da ƙafar sa su ke shanye gas, mun mayar da su na lokaci-lokaci. Wajen cikawa a duba nauyin tukunyar da ba komai, yana rubuce a jikinta, a ƙara 12.5 a kai, a tsaya a ga sikeli da ido. In an dawo a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, kumfa na tashi to yana yoyo.

To ga inda gizo ke saƙar. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji kan 800,000 na farko a shekara, sannan kashi 15 cikin ɗari kan miliyan 2.2 da ke biye. Ta kuma kawo rangwamen haya: ana cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya daga kuɗin da za a yi wa haraji, iyakarsa 500,000. A wurinmu 240,000 ke nan, abin da ke rage masa 36,000 a shekara. Ni ma tunda ribata tana kai kimanin 1,200,000 a shekara, dole in cike takardar harajin shekara in miƙa wa hukumar harajin Legas, LIRS, kafin ƙarshen Maris, harajina kuma 60,000 ne. Da sunana yana kan risit da kasona na 400,000, da 12,000 daga cikin rangwamen nan nawa ne.

Gaskiya, a aljihun gida babu bambanci, tunda mu biyun kashi 15 ake cire mana. Amma takardar tana tambayar wa ya biya haya, kuma nawa ya biya. Tambayar da muka shekara ba mu yi wa juna ba ke nan.

Shi a ganinsa muhalli da ci da sutura nauyinsa ne a addini, saboda haka risit ya zauna da sunansa shi kaɗai, abin da na zuba kuma a rubuta shi bashi, ya biya in Allah ya buɗa. Ni ba na son bashi tsakanina da mijina, kuma na san albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba zai biya 400,000 duk shekara ba, tarawa kawai zai yi ta yi. Na fi son a kira shi gudummawa, amma sunana ya fito a takarda. Shi kuma yana ganin fitar sunana a gaban mai gida da ejan tonon asiri ne. Danginsa ba su san ina sa kuɗi a haya ba. Nawa ma ba su sani ba, don na san abin da za su ce.

Akwai kuma wadda ta fi wuyar faɗi. In da ba na cike hayar, 20,000 ɗin iyayensa ba za ta fita ba. Ni kuma abin da nake aika wa mahaifiyata ya ragu saboda hayar. Ban taɓa jin haushin abin da yake yi musu ba, Allah ya sani, amma lissafin yana nan a littafi ina kallonsa. Maganar cakuɗa kuɗin cefane da na kwastomomi a asusu ɗaya mun riga mun warware ta, na buɗe wa sana'a asusunta daban.

Hajiya, a wane matsayi ya kamata mu ajiye kuɗin nan, bashi, kyauta, ko gudummawa da ake rubutawa? In za a rubuta, wa ya dace ya shaida ba tare da magana ta fita gari ba? Shin neman sunana a risit rashin yarda ne, ko haƙƙi ne da bai kamata in ji kunyar nema ba? Kuma yaya za mu daidaita abin da ake aika wa iyaye ɓangare biyu, ba wanda ya ji an tauye nasa? Hayar za ta cika nan da wata biyu, muna so mu tsayar da magana kafin a rubuta sabon risit.

Wassalam. 'Yarki da mijinta, daga Agege, Legas.