Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Da'irar Nazarin Fiziks, Katsina

Assalamu alaikum. Kwamitin gudanarwa na gabatar wa malamai da ɗalibai mambobi bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare.

Mafi yawan zaman karatunmu ya tafi ne a kan tambaya guda: me ya sa hasken da elektron ke fitarwa a zoben ajiya (na'ura mai siffar zobe da elektron ke ta kewayawa a cikinta) yake daidaita tafiyarsu, kuma shi ne yake hargitsa ta? Mun faro daga 1947, lokacin da aka fara ganin wannan haske, wato hasken sinkrotron, a ɗakin binciken General Electric a Amurka. Duk sa'adda maganaɗisu ya lanƙwasa hanyar elektron sai ya zubar da makamashi, kuma idan aka ninka makamashin elektron ɗin sau biyu asarar takan ninku sau 16. Shi ya sa zoben LEP na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, mai kewayen kilomita 27, ya riƙa asarar kusan kashi 3 cikin 100 na makamashin elektron ɗinsa a kowane zagaye gab da rufe shi a 2000. Wannan asara, da ake mayarwa ta kogon igiyar rediyo (sashen zoben da ke ƙara wa elektron makamashi), ita ke kwantar da karkarwar elektron.

Inda muka fi daɗewa shi ne gajeren dunƙule, wato tarin elektron da ke tafiya tare a zoben. Idan tsawon igiyar hasken ya kai girman dunƙulen, ko girman wani ƙulli a cikinsa, elektron sukan yi haske da murya ɗaya; hasken na baya ya yanke kwana ya cim ma na gaba, ya sauya musu makamashi, ƙullin ya ƙara girma. Da yawan elektron ɗin ya haura wani mizani sai a ga ɓarkewar hasken terahaz (haske mai doguwar igiya da ido ba ya gani) jefi-jefi, kamar yadda aka gani a zobban BESSY II a Jamus da ALS a Amurka. Ɗalibai sun bi lissafin wannan al'amari da masana fiziks Stupakov da Heifets suka fitar a 2002, sun kuma gwada shi a kwamfuta, duk da ƙarancin wutar lantarki ya sa aikin ya ja lokaci.

Kwamiti na ganin wannan karatu wajibi ne. An buɗe zoben SESAME a Jodan a 2017, Afirka kuwa har yanzu ba ta da irin wannan zobe, kuma ranar da za a gina shi za a nemi masu sanin halin na'urar kanta.

A baɗi, in Allah ya yarda, za mu duba yadda bangon bututun zobe ke danne wannan haske. Ana roƙon waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su tuntuɓi ma'aji kafin zama na gaba.