Amsa ga malamin da ya tuhumi likitoci kan jariran mata-maza

Allah ya gafarta Malam, assalamu alaikum.

A shirinka na rediyo ka tambaye mu, mu likitocin yara na Damagaram, wa ya ba mu ikon jinkirta kaciya da tiyata ga jaririn da aka haifa mata-maza. Ka ƙara da cewa kuɗin Turawa muke ci don mu shigo da canza jinsi. Wannan ƙazafin ya yi mini zafi. Da amsa kake nema, da ka tako asibiti kafin ka hau rediyo.

Ga abin da muke gaggawa a kansa. Mafi yawan jarirai masu ƙwayoyin halittar mace, wato 46,XX, da al'aurarsu ta rikice, matsalar tana bisa ƙodarsu: ƴar halittar da ke zaune can ba ta yin sinadarin kotizol, sai ta yi ta zuba sinadarin maza. Jaririyar tana da mahaifa, amma ana ganinta kamar namijin da ƴaƴan marainansa ba su sauko ba. Daga kwana 7 zuwa mako 3 gishirin jikinta yakan zube, ta yi amai, ta ƙi nono, ta bushe, ta mutu ana cewa iska ce. Zafin bazararmu yana ƙara saurin abin. Maganin hidrokotizon ne, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki a rana, kashi uku, da fuludrokotizon, da gishiri giram 1 zuwa 2 a rana. In zazzaɓi ya zo a ninka hidrokotizon sau biyu ko uku. Gado ne daga uwa da uba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, shi ya sa auren zumunci ke ƙara shi.

Wuƙa kuwa muna jira, sai in fitsari ya toshe ko ana tsoron kansa. Abin da aka yanke ba ya dawowa. A rage gaban jaririya, jijiyoyin jin daɗi na iya tafiya da shi. A cire maraina, yaro ya rasa haihuwa, ya zauna kan magani har mutuwa. Akwai kuma yara masu ƙwayoyin halittar namiji, wato 46,XY, da aka raina a matsayin mata, balaga ta zo murya ta buɗe, jiki ya juya, da yawansu su ce su maza ne. Wanda aka yi wa aiki yana goye, me za a mayar masa? Kaciya ma dalilinta ɗaya: da fatar loɓa ake gyara hanyar fitsari, in wanzami ya riga mu, mun rasa kayan aiki. Suna kuwa ba mu taɓa hanawa ba.

Ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyatar a 2015, Jamus a 2021, amma ba su suka koya mana jira ba. Ka fi ni sanin babin hunsa, wato mata-maza a fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun ce a duba mafitsara, in abu ya shige duhu a jira balaga, a ga gemu ko nono ko haila, mushkili kuwa, wato wanda aka kasa tantancewa, a ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Me ya sa ka ɓoye wa masu saurarenka wannan?

Uwar da ta ji ka a Mirriah ko Matamaye yanzu za ta rufe ɗanta a ɗaki don kunya. Ina roƙonka ka koma shirin nan, ka ce duk jaririn da ungozoma ta lalaba ba ta ji ƴaƴan marainansa ba a kawo shi asibiti kafin ranar suna.

Wassalam,
likitan yara, Damagaram