Zuwa ga 'yata mai jinyar surukarta

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya mai jiki? Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Jiya da na zo dubiya na haɗiye wata magana, don ba zan faɗe ta a gaban dangin mijinki ba. Tun azahar har na tashi bayan la'asar Hajiya a rigingine take, ba wanda ya motsa ta. Haka muka yi wa Innata, Allah Ya jiƙanta, muna ganin hutu muke ba ta, sai wari ne ya tona mana gyambon da ya ci bayanta har kusa da ƙashi.

Mai shanyewar ɓarin jiki irin na Hajiya sau da yawa ba ya iya juyawa da kansa. Inda ƙashi ya danne fata a kan katifa jini ba ya gudana, naman kan fara mutuwa tun daga ciki kafin ido ya gani. Ki riƙa juya ta duk bayan awa 2, har da dare, ki sa ƙararrawar waya. Ku biyu za ku ɗaga ta da zanin gado, kada a ja ta. In ta koma gefe, ki tokare bayanta da filo, wani tsakanin gwiwoyi. In rigingine ne, filo a ƙarƙashin sha-raɓa, diddige ya tsaya a iska.

Na san abin da ke hana ki, kunyar suruka. Ni na koya miki ita, ni kuma nake ce miki ki ajiye ta a ƙofar ɗakin nan. Ki ja labule, ki nemi izininta, ki haska tocila safe da yamma: ƙasan baya, kwatangwalo, diddige, kafaɗa, ƙeya. Ja bai cika nunawa a fatarmu ba. Wurin da ya ƙara duhu, ko ya fi kewayensa ɗumi ko tauri, shi za ki nuna wa nas nan take. Za a samu mai cewa a murza da man zafi ko a gasa da ruwan zafi. Ki ba mai maganar haƙuri, ƙara ɓata wurin yake yi.

Da zafin Kadunan nan gumi kaɗai ya isa, balle fitsari. Da ta jiƙe ki canja, ki wanke da ruwa mai ɗumi, ki tsane ba gogawa. Zanin gado a miƙe, ba ɓurɓushin burodi. Abinci kuwa kada ya tsaya a koko, ki tambayi likita ko za ta iya ƙwai, wake da kifi.

Ranar Juma'a ƙanenki zai kawo filo 3 da zannuwan auduga da na saya a Kasuwar Barci. Ki gaida maigidan, ki ce na ce ya sa ƙannensa mata su karɓe ki kwanan dare.

Mahaifiyarki,
Tudun Wada, Kaduna