Amsa ga Alhajin da ya tuhume ni a ƙofar Dagaci

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Juma'a, a gaban dattawan garin nan, ka tambaye ni yadda maganin tarin fuka da ake sha da asuba zai karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ake sha da daddare, alhali ba su haɗu a ciki ba. Ka kuma ce ni ba likita ba ne, kuma don aljihuna nake mayar da mata kan allura. Na yi shiru saboda girman wurin, amma maganar aljihun nan ta hana ni barci, domin shekara 12 ke nan ina aiki a asibitin garinmu, tun daga ƙauyukan gefen Ringim ake zuwa wurina, kuma babu macen da za ta ce na karɓi sisin kwabonta.

A hanta abin yake faruwa, kuma ba a yini ɗaya ba. Cikin ƙwayoyin halittar hanta akwai wani furotin mai gadi da aka gano a 1998, ana kiransa PXR. Idan rifampicin ya iso, wato maganin tarin fukan nan da ke mayar da fitsari ja har majinyata su tsorata, sai ya maƙale wa mai gadin, shi kuma ya haɗu da abokin aikinsa RXR, su zauna a kan ƙwayoyin gado, su sa a yawaita ƙera sinadarin CYP3A4 mai narkar da magunguna da dama. Cikin mako ɗaya zuwa biyu hantar ta koma kamar injin niƙa da aka ƙara wa wuta, tana markaɗe sinadarin ƙwayar tun bai gama aikinsa ba. Saboda haka raba lokacin sha ba ya maganin komai, kuma ko an gama shan rifampicin sai an yi makonni kafin hanta ta koma yadda take. Ashanar da ake sa wa a hannu ita ma tana rauni, allurar wata uku ce ke jurewa. Phenobarbital na masu farfaɗiya yana yin makamancin haka ta hannun wani mai gadin, CAR.

Batun cewa ni ba likita ba ne, ban taɓa cewa ni ne ba.

Da girmamawa nake faɗa, Alhaji, a kemis ɗinka ake sayen ƙwayar nan, kuma ban taɓa jin an tambayi mai saye wane magani take sha ba. Washegarin maganarka wata baiwar Allah ta zo da goyo, tana tari, riƙe da katinta, tana tambayata ko ta ajiye maganin tarin. Wata biyu kacal ta sha cikin shida, kuma sai da muka kai azahar kafin ta yarda ta ci gaba.

Wassalam,
Ma'aikacin lafiya na garinku