Barka da Sallah daga Dablin

Assalamu alaikum Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mun sauko Idi cikin yayyafi da sanyi, na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, amma zuciyata tana tsakar gidanmu.

Kin ga hoton takwararki da baƙin takalmi da farar safa, kika tambaya ko wasan me take yi. Rawar gargajiyar mutanen Ayilan ce take koyo duk Asabar, a ajin 'yan mata. Da ta fara roƙona na ƙi, sai da na je na zauna na gani da idona.

Inna, rawar nan ta ƙafa ce zalla. Yarinya za ta miƙe kyam, hannaye a manne da cinya, kai a sama, babu karkaɗa ƙugu ko kafaɗa. Abin da malamar ta fara koya musu tsayuwa ce: ƙafar dama gaban ta hagu, yatsu na kallon waje, diddige a ɗage. Sai ƙirga. Taku bakwai zuwa gefe, sannan uku-uku sau biyu a wuri ɗaya, a komo ta ɗaya gefen. Duk takun da aka yi da dama sai an maimaita shi da hagu. An ce malaman dā masu yawo ƙauye-ƙauye kan ɗaura wa yaro ciyawa a ƙafa ɗaya, tattaka a ɗayar, don ya bambance dama da hagu.

Sabon shiga da takalmi mai laushi yake farawa, na fata mai igiya, a kan kiɗan goge da suke kira ril da jig. Sai an goge ake ba da mai tauri, wanda ke ƙara kamar ana sukuwa a kan dutse. Shi duniya ta sani tun 1994, da aka nuna wasan rawar da ake kira Riverdance a nan Dablin. Suna da gasa, fesh suke ce mata, amma na ce sai ta ƙara girma.

Jiya ina wanke-wanke ta tsaya bayana tana ƙirga da Hausa, ɗaya, biyu, uku, ta cije leɓe, ɗankwali ya zame, ba ta ɗaga hannu ta gyara ba sai da ta kai bakwai. Yarinyar da shekara guda ba ta da ƙawa a makaranta, yau uku suka zo cin tuwon Sallah. Islamiyyarta kuwa tana nan ranar Lahadi, ba ta fashi.

Da yamma za mu kira ki ta bidiyo ta yi miki. Ki sa mata albarka. A gaida Baba da Yaya da yara duka.

'Yarki.