Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Kamaru: takardar CRP da basir ɗin da ba basir ba

Mai girma Dakta Manaouda Malachie, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai gwajin jini ne a Garwa, shekara 19 ke nan ina wannan aiki. Ban saba rubuta wa manya takarda ba, rasuwar yayana ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma zan fara da laifina kafin in kai ga roƙona.

Yayana mai sayar da yadi ne a babbar kasuwa, shekararsa 52. Sau uku cikin wata takwas ya zo mini da takardar likita, kullum abu ɗaya aka rubuta: gwajin zazzaɓin cizon sauro, Widal na taifot, NFS na ƙirga ƙwayoyin jini da CRP mai nuna kumburi a jiki. Da hannuna na ɗebi jinin. Wanda ya yi aikin labo a nan ya san yadda ake yi: a ɗiga ruwan jini a kan baƙin kati, a ɗiga farin maganin gwaji, a gauraya, a yi ta jujjuya katin minti biyu. In ya guda kamar madarar da ta tsinke, CRP ya kai 6 ko ya wuce, sai a riƙa sirkawa har a san iyakarsa. Nasa 48 ya nuna da farko. Aka ce taifot, ya sha magani. Na biyu 24, muka ce Alhamdulillahi, yana sauka. Na uku ya koma 48, jininsa kuma ya ragu, wandonsa ya yi masa yawa har sai da tela ya rage ƙugu. Duk wannan lokaci yana ganin jini a bayan gida, bai faɗa wa kowa ba sai mai maganin basir da ke yawo da lasifika a bakin kasuwa. Ni ma ban tambaye shi ba. Ƙani ba ya tambayar wansa yadda bahayarsa take, haka aka rene mu.

Ranar da aka leƙa hanjinsa da na'ura a Yawunde, bayan motar Ngaundare da jirgin ƙasa na dare, likitan ya ce sankara ce ta babban hanji, kuma ta riga ta kai hanta. Allah ya jiƙansa.

Ranka ya daɗe, CRP ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin suna. Hanta ce ke sarrafa shi duk lokacin da wani wuri a jiki ya kumbura. Cikin 'yan sa'o'i yake hawa, in abin da ya tayar da shi ya wuce kuma ya sauka cikin 'yan kwanaki. Zazzaɓin sauro na ɗaga shi, tarin fuka na ɗaga shi, haka gyambo, ruɓaɓɓen haƙori, teɓa da shan sigari. Kamar haushin kare ne da dare: ka san akwai motsi a waje, ba ka san ko ɓarawo ne ko akuyar maƙwabci ba. A ƙasa irin tamu, inda damina ɗaya ke kwantar da rabin gida, kullum akuyar ake zargi.

Bayan rasuwarsa na zauna na karanta abin da masana suka gano a kan wannan gwaji da sankarar hanji, ina neman ko dai in wanke kaina ko in kama kaina. A 2004 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka koma ga jinin da aka ɗiba wa mutane a jihar Maryland tun 1989 aka adana, suka ga waɗanda daga baya suka kamu da sankarar babban hanji CRP ɗinsu ya fi na sauran tun suna ganin lafiyarsu ƙalau. Shekara ɗaya bayan haka wani babban bincike a kan mata a Amurkan bai ga wannan alaƙa ba. A 2010 binciken EPIC, wanda ya haɗa ƙasashen Turai goma, ya ga alaƙar a sankarar babban hanji amma bai gan ta a ta dubura ba. Da aka duba mutanen da suka gaji yawan CRP a jininsu tun haihuwa kuwa, galibin binciken bai nuna sun fi kowa kamuwa ba. Wato CRP hayaƙi ne, ba shi ne wutar ba. Ita wutar, kumburin hanji da ya daɗe shekara da shekaru, an tabbatar tana kai wa ga sankara. Shi ya sa ake sa ido sosai a kan masu gyambon hanji mai dawowa.

Na kawo wannan ne saboda hatsari biyu da nake gani a bakin tagar labo. Wani CRP ɗinsa ya yi sama, ya ji a waya cewa alamar ciwon daji ce, ya kwana bai runtsa ba alhali sauro ne ya cije shi. Wani kuma nasa ya fito babu komai, ya tafi gida da murna yana ɗauke da tsiro a hanji. Na biyun ya fi ban tsoro, don ƙaramin tsiro ba ya tayar da CRP. Tsiron nan kan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma a duk tsawon lokacin ana iya cire shi da na'urar leƙa hanji, mutum ya kwana a gidansa ranar. Shekara goma, ranka ya daɗe. Ciwo kaɗan ne ke ba da irin wannan sarari.

Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna mutum wajen miliyan 1.9 suka kamu da sankarar hanji, fiye da 900,000 suka mutu. Ita ce ta uku a yawa cikin sankara, ta biyu a kisa. Ita ta ɗauke Pele a Disamban shekarar. Faransa na aika wa duk ɗan shekara 50 zuwa 74 gayyatar gwajin bahaya duk shekara biyu, Amurka ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. Ban ce mu kwaikwaye su gobe da safe ba. Hannunmu bai kai ba, na sani, kuma mu jinin bahaya yana da iyayen gida da yawa: atini, basir na gaskiya, da tsargiyar hanji da masunta da manoman shinkafa ke kwasowa a ruwan Lagdo da na Maga. Daidai wannan ne ya sa likitanmu ya fi na Faransa buƙatar ƙa'ida a rubuce.

Ita ce babban roƙona, kuma ba ta cin kuɗi. Takarda shafi ɗaya daga ma'aikatarka, a liƙa a bangon kowane ɗakin ganin likita daga Banyo har Kuseri. A rubuta cewa wanda ya haura shekara 45, ko ma bai kai ba in akwai ciwon a danginsa, idan an yi masa magani sau biyu amma CRP ko VS, wani gwajin kumburin, bai sauka ba, ko jininsa na raguwa babu dalili, ko yana ramewa, ko bahayarsa ta sauya, to a daina maimaita Widal. A tambaye shi kai tsaye ko yana ganin jini, a duba dubura, a yi gwajin ɓoyayyen jini a bahaya, a tura shi gaba. Da takardar nan na liƙe a gabana, da na ture kunya na tambayi yayana.

Gwajin bahayar nan, wanda ake kira FIT, ɗan tsinke ne da 'yar kwalba. Duk labon da ke iya gwajin sauro na gaggawa zai iya shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin CSU na kiwon lafiya ga kowa a garin Mandjou a Afrilun 2023 mun ga abin da sauƙin farashi ke yi: wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara, iyalai sun numfasa. Ka saka FIT cikin zango na gaba. Amma gwaji ba tare da inda za a tura mutum ba ƙarin tashin hankali ne kawai. An gina manyan asibitoci a arewa, mun gode, sai dai likitocin hanji yawancinsu suna Yawunde da Duwala. A samu tsayayyun ranakun leƙa hanji a Garwa da Marwa da Ngaundare, da farashi a rubuce a ƙofa, ko da kawo ƙwararru za a riƙa yi wata-wata har 'ya'yanmu na makarantar likitanci ta Garwa su taso.

Sai maganar baki. Oktoba duk gari kan yi ruwan hoda saboda sankarar mama, kuma ya yi amfani. Maris, watan sankarar hanji, yakan wuce shiru kamar ba a yi shi ba. Kai ɗan Arewa Mai Nisa ne, ka san mutanenmu ba sa karanta allon Faransanci, rediyo suke ji. A yi magana da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, a sa dattijo ya yi wa maza, dattijuwa ta yi wa mata, a ambaci bahaya da sunanta. Mai lasifikar kasuwa ba ya jin kunyar faɗa, shi ya sa ya fi mu ciniki.

Likitan Yawunde ya riƙe ni a bakin ƙofa ranar da za mu dawo. Ya ce 'yan uwan ciki ɗaya da 'ya'yan mai wannan ciwo su fara leƙa hanji tun suna 40. Shekarata 47. Na gwada CRP ɗina a makon jiya, katin bai guda ba, kuma yanzu na san hakan bai wanke ni ba. Na shiga adashi, kwasata a watan Rajab ce.

Naka mai biyayya,
Wani mai gwajin jini, unguwar Hausare, Garwa