Sanarwa kan koyon waƙa da lokacin yabo

Salama a gare ku, ƴan'uwa cikin Almasihu. Koyon waƙa yana nan ranar Asabar, ƙarfe 4 na yamma, a majami'armu ta nan Katsina. Kowa ya riƙo littafin waƙoƙinsa.

Wani abu yana damuna: wasunmu ba sa shigowa sujada sai an gama yabo, sai ka ce wa'azi kaɗai ne ibada. Ku duba Ayyukan Manzanni 16. An yi wa Bulus da Sila dukan tsiya, an sa ƙafafunsu a turu a kurkukun Filibi, amma da tsakar dare waƙar yabo suke yi, sauran ɗaurarru na sauraro. Kakanninmu ma da ba su yi karatu ba, ta bakin waƙa suka riƙe Maganar Allah.

Iyayenmu mata, don Allah a taho da tulu da ganga.